Ɗigar fitsari bayan haihuwa: yadda ake ɗaure ragayar da ta saki

Wata bakwai da haihuwar ɗana na biyu, ina tsaye a madafa ina soya attaruhu, yajin ya shige min hanci na yi atishawa uku a jere. Kafin ta ukun ta gama fita na ji ɗumi yana bin cinyata. Bai fi cokali biyu ba, amma alwalar la'asar ta tafi, zani kuma sai da na sake. Abin da ya fi ba ni haushi, ni fa ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, fisiyo kamar yadda ake ce mana a asibiti. Na koya wa mata ba adadi abin da ni kaina ban yi ko sau ɗaya ba a jegona. Wanzami dai ba ya son jarfa.

A ɗakin da nake aiki, da wuya mace ta shigo ta ce fitsari ne ya kawo ta. Ciwon baya ne, ko gwiwa. Sai an gama, ta yafa mayafi, ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo. Haka wata Hajiya ta yi min, mai shekara hamsin da 'yan kai.

"Likita, akwai wata 'yar magana, ban san ko ta ɓangarenku ba ce."

"Dawo ki zauna, Hajiya, ina jin ki."

"Ni dai in na yi tari, ko dariya..." Sai ta kalli zaninta ta yi shiru.

"Tun yaushe?"

"Tun haihuwar autana."

Autan nan kuwa ya gama sakandare. A tsawon shekarun nan ta daina zuwa tarawihi masallaci. Ba ta ɗaura zani mai haske. A gidan biki kusa da ƙofa take zama, in ana raha ta danne dariyarta har ana cewa ta faye shan ƙamshi. Maganin sanyi kuwa ta sha na kemis ta sha na gargajiya, don duk wadda ta gaya wa sai ta ce sanyi ne, ko ta ce "haihuwa ce, haka muke dukanmu."

Gaskiya ne abin ya yi yawa: kusan mace ɗaya cikin uku tana fama da ɗigar fitsari a watanni ukun farko bayan haihuwa. Amma yawancinsa matsalar tsoka ce, tsoka kuwa tana jin horo ko a shekara nawa.

Fara sanin wane iri ne naki

Na farko shi ne irin nawa da na Hajiya. Ba ki jin fitsari, amma da kin yi tari, atishawa, dariya, ko kin ɗaga jarkar ruwa, ko kin miƙe daga sujada, sai ya ɗigo. Nauyi ne ya danno daga ciki, mariƙin ya kasa.

Na biyu, fitsarin ne ke taso miki farat ɗaya kamar an kunna famfo, kafin ki kai banɗaki ya kufce. Wasu da sun ji ƙarar ruwa a bokiti, ko sun fara zuba ruwa a buta, ko sun hango ƙofar gida daga unguwa, shi ke nan. Nan mafitsara ce ke matsewa ba da izini ba. Mata da yawa suna da biyun a haɗe.

Akwai kuma wanda mafitsara ba ta juye abin da ke cikinta duka, ta cika ta riƙa tumbatsa kaɗan-kaɗan. An fi ganinsa ga dattawa maza masu kumburin firostet (wata tsokar nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) da waɗanda ciwon suga ya daɗe a jikinsu. Wannan na likita ne tun farko.

Sai wanda nake so kowa ya bambance shi da kyau: yoyon fitsari. Idan fitsari yana zuba dare da rana ba tsayawa, kina zaune yana zuba, kina kwance yana zuba, kuma ya fara ne bayan doguwar naƙuda, ko tiyata, ko yankan gishiri, to huji ne ya samu tsakanin mafitsara da gaba. Ko shekara za ki yi kina atisaye ba zai toshe huji ba, galibi sai an ɗinke. Akwai cibiyoyin wannan aiki: Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya yi ta ɗinke mata tun shekarun 1980, da cibiyar Ningi a Bauchi, da ta Laure a cikin asibitin Murtala na Kano, da Danja kusa da Maraɗi. Bayan ɗinkin ne wasu kan ci gaba da ɗiga kaɗan, a nan mu muke shigowa.

Ragayar da ke ƙasan ƙugu

Wadda ta tashi a gidan kaka ta san ragaya, igiyar nan da ake saƙawa a rataye ƙwaryar nono ko tukunyar miya a kai. To akwai irinta a jikinki, ta tsoka. Ta kama daga ƙashin mara ta gaba zuwa ƙashin da ke ƙarshen gadon baya, ta tallafe mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Ƙofofi uku ne suka ratsa ta: mafitar fitsari, gaba, da dubura. In ta matse, ƙofofin su rufu, kayan su ɗago. In ta saki, ki yi fitsari ko bayan gida.

Ciki wata tara yana zaune a kanta. Naƙuda ta miƙar da ita iya miƙewa, wani lokaci har da ƙari da ɗinki. Kafin ta farfaɗo wani cikin ya shiga. Ga jarka mai lita 25, ga daka, ga goyo, ga yunƙurin bayan gida mai tauri, ga tarin hayaƙin itace. In al'ada ta ɗauke, naman wurin ya ƙara yin laushi. Ina ragayar da za ta jure wannan ba a taɓa ɗaure ta ba?

Wani likitan mata ɗan Amurka, Arnold Kegel, shi ya yayata atisayen wannan tsoka a 1948, shi ya sa za ki ji ana cewa atisayen Kegel. A 2018 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 31 da aka yi a kan mata 1,817. Cikin masu ɗiga da tari ko atishawa, 56 cikin 100 na waɗanda suka yi atisayen sun ce sun warke, waɗanda ba su yi ba kuwa 6 ne kawai cikin 100. Ba kowa ke warkewa sarai ba, amma ban san wani magani da ba a biyan ko sisi da ke kai haka ba.

Yadda za ki gano tsokar

Nan ne gizo ke saƙar, don mata da yawa da aka yi wa bayani da baki kawai, ba daidai suke yi ba. Wasu ma yunƙuri suke yi ƙasa kamar masu naƙuda, su ƙara wa Barno dawaki. Don haka kada ki yi gaggawa a nan, ko kwana uku za ki yi kina lalube ba asara ba ce.

Ki yi fitsari tukuna. Ki kwanta rigingine a kan tabarma ko katifa mai tauri, ki tanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ƙafafun a ɗan ware. Ki ɗora hannu ɗaya a kan cibiya.

Yanzu ki ɗauka kina tsakiyar surukai iska ta taso miki. Wannan matsewar da za ki yi wa dubura don kada ki ji kunya, ita ce farkon abin. Ki matse ta, ki kawo matsewar gaba kamar za ki tsayar da fitsari, sannan ki ja duka sama zuwa ciki, kamar mai tsuke bakin jaka da zare. Matsewa da ɗagawa, biyun tare. Sai ki saki, ki ji wurin ya sauka ya koma yadda yake. Sakin nan rabin aikin ne. In ba ki ji saukar ba, ko dai ba ki ɗaga ba tun farko, ko tsokar ta gaji ta saki da kanta ba ki sani ba.

Abubuwan da bai kamata su motsa ba: mazaunai kada su ɗago daga tabarma, cinyoyi kada su haɗe, hannun da ke kan cibiya kada ya ji ciki ya turo waje ko ya ƙame kamar dutse. Ƙasan mara zai ɗan shiga kaɗan, wannan ba laifi. Kuma kada ki riƙe numfashi. Ni nakan sa mace ta riƙa ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, don mai magana ba ta iya danne numfashi. Hajiya a ranar farko har girarta sai da ta ɗaga sama, ta cije leɓe, kafaɗu suka haɗe da kunne. Na ce, "Hajiya, ko'ina ya yi aiki ban da inda muke nema." Ta yi dariya, dariyar kuma ta nuna mana abin da ya kawo ta.

In kina shakka, ga hanyoyin tabbatarwa. Ki sa madubi ki duba fatar da ke tsakanin gaba da dubura: in kin matse daidai za ta shige ciki, in ta bullo waje yunƙuri kike yi, ki tsaya. Ko ki wanke hannu, ki sa yatsa ɗaya a gaba, za ki ji an kama shi an ɗan ja sama. Akwai kuma gwajin tsayar da fitsari ana tsakar yi. Wannan sau ɗaya ya isa, don ki gane wurin kawai. Kada ki mayar da shi atisayen kullum, yana rikita mafitsara ta daina juyewa duka, ragowar fitsari kuwa shi ke jawo ƙwayoyin cuta.

Adadin da za ki yi

Iri biyu ne, don tsokar tana da aiki biyu: riƙo mai tsawo, da kamun gaggawa.

Na riƙo: ki matse ki ɗaga, ki riƙe iya daƙiƙun da za ki iya ba tare da ya zame ba. In daƙiƙa 2 ne, to 2 ɗin ne naki, daga nan za ki fara. Ki saki ki huta daƙiƙa 5 ko fiye. Ki maimaita sau 8 zuwa 10. Duk mako ki ƙara daƙiƙa ɗaya, har ki kai 10.

Na gaggawa: ki matse da ƙarfi ki saki nan take, ki tabbata kin saki duka kafin na gaba. Sau 10.

Wannan zama ɗaya ke nan, bai kai minti biyar ba. Sau uku a rana. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin jinya, abin da ta shimfiɗa shi ne aƙalla matsewa 8 sau uku a rana, na tsawon wata uku ko fiye, ƙarƙashin kulawar wanda ya san aikin, kafin a fara zancen tiyata.

Mantuwa ce babbar abokiyar gaba, ba wuya ba. Ni da salla na ɗaure nawa: bayan asuba, bayan la'asar, bayan isha'i, ina idarwa kafin in naɗe darduma. Mai jego ta ɗaura shi da shayarwa. Makonni biyun farko a kwance, daga nan a zaune a kan kujera mai tauri, sannan a tsaye, don a tsaye ne fitsarin ke kufcewa. In kin ƙware za ki yi a cikin adaidaita sahu ba wanda ya sani. Kada kuma ki ce za ki yi ɗari biyu a yini don ki gama da wuri. Tsoka in ta gaji ɗigar ƙaruwa take yi.

Sai dabarar da ke ba da sakamako tun kafin tsokar ta yi ƙarfi: ki riga tarin. Da kin ji atishawa na tahowa, ko za ki ɗaga yaro, ko za ki sauke tukunya, ko za ki miƙe daga zaune, ki matse ki ɗaga tukuna, ki riƙe har abin ya wuce. In kaya za ki ɗaga, ki durƙusa da gwiwa, ki fitar da numfashi yayin ɗagawar. Da farko sai kin tuna, daga baya jiki ya riƙa yi da kansa.

Kada ki sa ran ganin canji kafin mako 6, wasu sai 12. In kuma an samu sauƙi aka watsar, sai ta koma gidan jiya. Bayan wata ukun, sau ɗaya a rana ya wadatar, amma na har abada ne, kamar asuwaki.

Mai ciki za ta iya farawa tun yanzu, yana ma rage yiwuwar ɗigar a ƙarshen ciki. Mai jego ta fara a hankali kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa, ko da ɗinki, muddin an cire robar fitsari kuma tana yi da kanta. Wankan jego da kunun kanwa ba sa ɗaure wannan tsoka, komai zafin ruwan.

Idan naki mai tasowa farat ɗaya ne

Atisayen yana nan, amma sai an haɗa da horar da mafitsara. Lafiyayyar mafitsara tana ɗaukar mililita 400 zuwa 600, wato kusan ledar fiya wata guda. Fitsari sau 6 zuwa 8 a yini, da sau ɗaya da dare, ba matsala ba ne. Wadda ke zuwa duk rabin awa "don kada ya kama ni a hanya" ta koya wa mafitsararta yin ƙara tun tana da rubu'i.

Ki samu littafi ki rubuta na kwana uku: ƙarfe nawa kika sha me, ƙarfe nawa kika yi fitsari, yaushe ya kufce, kina me. In kin ga tazarar awa ɗaya ce, ki tsayar wa kanki awa ɗaya da kwata. Da ya taso kafin lokaci, kada ki ruga, gudu ne ke zubar da shi. Ki tsaya cak, ko ki zauna a gefen kujera mai tauri, ki yi matsewar gaggawa sau biyar, ki ja numfashi, ki ɗauke hankalinki da ƙirge daga ɗari zuwa baya. Tasowar kamar guguwa take, tana lafawa. In ta lafa ki taka a hankali. Duk mako ki ƙara minti 15 har ki kai awa uku. A ba shi mako 6 aƙalla.

Kada ki daina shan ruwa, wannan kuskuren kowa ke yi. Fitsari in ya yi kauri ya yi ja, ƙaiƙayi yake yi wa mafitsara, ga wari. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, fiye da haka a zafin bazara, kaɗan-kaɗan, a rage awa biyu kafin kwanciya. Da azumi a rarraba tsakanin buɗa-baki da sahur, ba a ɗura leda huɗu a tashi ɗaya ba. Abin da za ki rage shi ne shayi mai kauri, kofi, lemon kwalba mai baƙi, da goro. Goron nan dattijai ba sa son in ambata, amma sinadarin da ke cikin kofi shi ne a cikinsa.

Taurin bayan gida kuwa, duk wadda ke yunƙuri kullum tana kwance abin da ta ɗaura. Zogale, kuka, kuɓewa, rama, wake, gwanda, da ruwa. Masan tsuguno ya fi na zama sauƙin fitarwa. Mai na zama ta sa kujera 'yar tsuguno a ƙarƙashin ƙafafu. Mai ƙiba, ko kaɗan ta rage za ta ga bambanci.

Zancen kayan matsi ba zan tsallake shi ba, don ana tambayata kullum. Alif da bagaruwa da haɗe-haɗen da ake cusawa, busar da fata suke yi ta tattare na 'yan awanni, ba sa kaiwa ga tsoka. Abin da nake gani a bayansu shi ne ƙuna da ƙaiƙayi. Matsin da ke ɗorewa shi ne wannan da na bayyana, masu aure da suka dage kuma sukan dawo su raɗa min cewa an yaba a gida.

Lokacin da za ki ajiye atisaye ki nufi asibiti

In akwai jini a fitsari, ko zafi da zazzaɓi. In fitsarin ba ya fita sai da yunƙuri. In kina jin wani abu kamar ƙwai yana saukowa ta gaba. In ƙishirwa da yawan fitsari sun haɗu da rama, a auna suga. In kina shan maganin hawan jini mai sa fitsari, kada ki daina da kanki, ki gaya wa likita, wani lokaci sauya lokacin sha kawai ake yi. In kuma ciwon baya ya zo da mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, ko ƙafa ta rasa ƙarfi, ga fitsari ko bayan gida na kufcewa, wannan a ranar ake tafiya, ba gobe ba.

Akwai kuma waɗanda tsokarsu ba saki ta yi ba, ƙamewa ta yi. Alamarsu zafi lokacin saduwa da ciwon mara. Su sassautawa muke koya musu, matsewa ƙara musu ciwo yake yi.

Manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na koyarwa a Sakkwato da Maiduguri, duk suna da sashen fisiyo. Ki nemi mace ta duba ki, haƙƙinki ne. Da izininki za ta sa safar hannu ta auna ƙarfin tsokar da yatsa, ta gyara miki. Wadda ba ta iya motsa wurin ko kaɗan, akan taimaka mata da na'ura mai ɗan tsikarin lantarki har tsokar ta farka. In wata uku sun cika ba canji, akwai ƙwayoyi don mai tasowa farat ɗaya, akwai zoben roba da ake sawa ya tallafe, akwai tiyata.

Maza ma suna da wannan ragaya, musamman wanda aka yi wa aikin firostet yana bukatarta. Matsewar ɗaya ce: riƙe iska, da ja sama har ya ga 'ya'yan maraina sun ɗan ɗago.

Batun alwala, malaman fiƙihu sun san wannan lalura tun tuni, salasul bauli suke ce mata, kuma akwai rangwame a kanta gwargwadon yawan zubar. Ki tambayi malamarku ta Islamiyya, kada ki bar salla ko masallaci a kan zato. Kafin a samu sauƙi, ki riƙa sauya ƙunzugu da ya jiƙe, ki wanke da ruwa zalla, ki shafa man kaɗanya ko basilin kada fata ta saɓule.

Hajiya ta dawo a mako na 11. Na sa ta sha ruwa ta jira, sannan ta tsaya ta ware ƙafa ta yi tari uku masu ƙarfi. Ta tsaya tana sauraron jikinta, ta sake yin na huɗu don kanta. Ta ce in ta ɗaga bokiti cike har yanzu yana ɗan taɓa ta, amma ranar Juma'a ta je sunan jikarta da farin leshi.

"To madalla, Hajiya. Bokitin ma za mu kai gare shi, ki ci gaba da na tsaye."

Ta gyara mayafi ta ce, "Yanzu kuma, Likita, sai mu koma kan gwiwar nan, don ita ko gezau."